Ƙashi Ya Haɗe, Hannu Bai Tashi Ba



Duk wanda ya kwana biyu a Tamale ya san garin nan a kan babur yake tafiya. Malamin makaranta a babur, 'yar kasuwar Aboabo a babur, goyo a baya kwandon tumatir a gaba, dattijuwa ta murɗa totur daga Lamashegu har Sakasaka ko a jikinta. Ga yalo-yalo, ga motokin da lodin doya. Inda babur ya yi yawa haka, faɗuwa ba ta zama labari, kuma da wuya ka sami layin da babu wanda ya taɓa karyewa a cikinsa.

Akwai wata karaya da nake so mu tsaya a kanta yau. Saurayi ya faɗi, ƙashin damtsensa ya karye, an ɗora, bayan 'yan makonni an kwance, ƙashi ya haɗe sumul. Amma da ya miƙa hannu sai wuyan hannun ya langaɓe ƙasa. Yana iya dunƙule yatsu, buɗe su ne ya gagara, babban yatsa ya ƙi tashi, bayan hannun kuma ko an mintsine shi ba ya ji sosai. 'Yan uwa su ce ɗori bai yi kyau ba, wasu su ce jifa ne. Alhali ƙashin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya taɓu wata jijiya ce da ke zagaye ƙashin damtse ta baya, manne da shi, ita ce ke kai umarni ga tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu. Wani bayan wata uku ko huɗu sai ka ga hannun ya soma motsi da kansa. Wani shekara ta zagayo shiru kake ji. Wanda kuwa ya bugu a wuya ko a gadon baya har laka ta yanke, shi sai keken guragu. Me ya raba mutanen nan uku? Don a gane, sai an koma can baya, tun muna cikin mahaifa, lokacin da jijiyoyin nan suka fara neman hanyarsu.

Jijiyar da nake magana a kai ba ta jini ba ce, ta saƙo ce, wadda ke ɗauko jin zafi da sanyi da taɓawa ta kai ƙwaƙwalwa, ta kuma ɗauko umarnin motsi ta kai wa tsoka. In aka tsaga ta za a ga dubban siraran zaruruwa a ɗaure wuri guda, kowane zare kuma reshe ne na ƙwayar halitta guda ɗaya tak. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafarka tana zaune cikin laka wajen ƙugu, ƙanƙantarta ta kai ido ba ya ganinta, amma zarenta ya miƙe kusan mita guda har yatsan. A ƙwaƙwalwar mutum kaɗai akwai irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Kowace sai da ta tura zarenta ya ratsa ta tsakanin wasu ƙwayoyi da zaruruwa, ya je ya sami abokin hulɗarsa.

Mutumin da ya fara ganin yadda zaren ke tafiya wani likita ne ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal. A shekarar 1890 ya riƙa fasa ƙwan kaza mai 'yan kwanaki da kwanci, yana yanka lakar ɗan tsakon, yana rina ta da ruwan azurfa, yana dubawa a madubin ganin ƙananan halittu. Sai ya ga bakin kowane zare mai girma ya kumbura ya baje. Naman da ke gabansa matacce ne, ba ya motsi, amma daga siffar kaɗai ya ce wannan bakin mai rai ne, yana lalube, kuma wasu sinadarai ne daga nesa ke jan sa. A 1907 wani Ba'amurke, Ross Harrison, ya ciro ɗan guntun laka daga ɗan tayin kwaɗo ya sa a ɗigon ruwan jikin kwaɗon, ya zauna yana kallo da idonsa zare na fitowa yana tsawo.

Yau ɗalibin likitanci a jami'a zai iya kallon abin a bidiyo a wayarsa, kuma abin kallo ne. Bakin zaren yana da wasu 'yan siraran yatsu da ke miƙewa suna janyewa ba hutu, wannan ya taɓa nan ya koma, wancan ya taɓa can ya maƙale. A jikin yatsun akwai wasu furotin masu karɓar saƙo, kowanne da irin sinadarin da yake ganewa. Yatsan da ya ci karo da sinadari mai kira, sai ginin cikinsa ya ƙaru ya yi ƙarfi, sauran jikin ya biyo shi. Wanda ya taɓa sinadari mai kora, sai ginin ya rushe, yatsan ya yanƙwane cikin 'yan mintoci. Da haka zaren ke karya kwana. Ba shi da taswirar jiki a cikinsa. Abin da yake da shi iya karanta alamun da wasu ƙwayoyi suka ajiye masa a waje.

Mu mutanen zango bai kamata wannan ya ba mu wuyar ganewa ba, domin ta haka ne kakanninmu suka iso ƙasar nan. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga, nan kudu da mu. Yaron da ya fito fatauci karon farko ba ya hango Salaga daga Kano. Zangon gaba kawai ake nufa, in an kai a kwana, a tashi a nufi na gabansa. Jagaba na gaba yana duba hanya, sauran ayari na bin sawunsa. Wani gari ana sauka a yi ciniki, wani daji kuma ana kauce masa saboda 'yan fashi.

Masana sun ga irin wannan tsari ƙiri-ƙiri a jikin fara, farar nan da ake soyawa da yaji. A 1976 wani ɗan Ingila, Michael Bate, ya lura cewa a ƙafar ɗan tayin fara akwai ƙwayoyi biyu da ke fara tura zarensu daga ƙarshen ƙafa zuwa tsakiyar jiki tun ƙafar tana 'yar mitsitsiya, duk zaruruwan da suka zo daga baya kuma bayansu suke bi. Zaren jagaban ba ya miƙewa ɗoɗar. Yakan je ya taɓa wata ƙwaya da ke tsaye a hanya, ya karkata, ya nufi ta gaba. A 1983 David Bentley da Michael Caudy a Amurka suka kashe ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin zango da tsinin haske. Zaren ya iso wurin bai tarar da kowa ba, sai ya rikice, ya yi ta rassa yana bin inda ba hanya ba. Hikimar fita da wuri kuma a fili take: lokacin da jagaba ya yi tafiyarsa, tazarar ba ta kai ko milimita guda ba. Daga baya jiki ya yi ta girma yana jan zaren yana ƙara masa tsawo.

To mene ne ainihin alamun? Na farko da aka kama da hannu, wata mata ce ta gano shi, Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya. Dokokin gwamnatin Mussolini na 1938 sun kore ta daga jami'a saboda ita Bayahudiya ce, sai ta mai da ɗakin kwananta a birnin Turin wurin bincike, ta ci gaba da aiki da ƙwan kaza ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Bayan yaƙi ta koma St. Louis a Amurka, inda ta ga cewa in aka dasa wani ƙari na ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyi kan yi tururuwa zuwa gare shi. Ita da Stanley Cohen suka bi diddigin sinadarin, suka same shi jingim a wurare biyu da ba wanda ya zata, dafin maciji da kuma inda namijin ɓera ke yin yawu. Sunansa NGF, kuma ya jawo musu kyautar Nobel a 1986. Aikinsa har da raya jijiya. Jiki kan ƙirƙiri ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, waɗanda zarensu ya isa inda aka aike shi su sami irin wannan abinci su rayu, waɗanda suka makara ko suka ɓata su mutu. A wasu sassan laka kusan rabi ne ke mutuwa tun kafin haihuwa, kuma hakan lafiya ce.

Sauran manyan alamun sai a shekarun 1990 aka yi ta zaƙulo su, daga tsutsa, daga ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro, daga kaza da ɓera. Sunayensu na Turawa ne: netrin, slit, semaphorin, ephrin. Ba sai kun haddace ba. Abin mamakin shi ne kusan iri ɗaya ne a jikin tsutsa da jikin ɗan Adam.

Bari in ba ku misali guda da zai nuna yadda suke aiki tare. Kun san in mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, likita kan ce jinin ya toshe ne a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa alhali hannun dama ne ya mutu. Dalili, zaruruwa da yawa suna ƙetare tsakiyar jiki daga wannan ɓari zuwa wancan. A tsakiyar lakar ɗan tayi akwai wani layin ƙwayoyi da zaren zai ratsa. Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa a San Francisco suka tace dubban ƙwaƙwalen 'yan tsaki kafin su ware sinadarin da ke jawo zare zuwa wannan layi, a 1994, shi ne netrin. Sai dai ga matsala. In tsakiya tana da daɗin zama haka, me zai sa zaren ya bar ta ya wuce? In kuma ya wuce, me zai hana shi dawowa? Amsar ta fito daga ƙuda, a ɗakin binciken Corey Goodman a Berkeley. Ashe tsakiyar nan mai kira tana kuma fitar da sinadari mai kora, slit. Kafin zare ya ƙetare, ana danne abin da yake jin korar da shi, don haka kiran kawai yake ji. Da ya ƙetare sai a sake shi, wurin da ɗazu yake marmari ya zama abin gudu. Ƙudan da aka lalata wa wannan mai jin kora, zaruruwansa sai su ƙetare, su dawo, su sake ƙetarewa, ba su da ranar wucewa. Wato alama ɗaya tana iya zama kira ga wannan zare, ta zama kora ga wancan, ko ma ga zare guda a lokuta biyu. A 2017 kuma wasu bincike biyu suka gyara fahimtar da aka daɗe a kanta: netrin ɗin da ya fi amfani a wannan tafiya shi ne wanda ke shafe a kan hanyar kanta, zare na takawa yana kamawa.

Kada a ɗauka wannan zancen ƙwari ne kawai. Akwai mutanen da ake haifa in suka motsa yatsun hannun dama na hagu ma sai sun motsa, ba da son su ba. A 2010 aka gano cewa a wasu iyalai mai karɓar saƙon netrin ne ke da naƙasu, don haka wasu zaruruwan ba su ƙetare yadda ya kamata ba. Tun kafin a san sunan ko ɗaya daga cikin sinadaran nan, Roger Sperry ya nuna ƙarfinsu a shekarun 1940. Ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon sama ta koma ƙasa, ya bar shi. Jijiyar ta sake tsirowa, kwaɗo ya dawo gani, amma kowane zare tsohon mazauninsa ya koma a ƙwaƙwalwa. In ƙuda ya gifta ta sama sai kwaɗon ya kai cafka ƙasa, kuma bai taɓa koyon gyarawa ba.

Yanzu mu dawo kan saurayinmu mai langaɓaɓɓen hannu. In zaren jijiya ya yanke, ɓangaren da ya rabu da uwar ƙwaya ruɓewa yake yi cikin 'yan kwanaki. Wani likitan Ingila, Augustus Waller, ya bayyana haka tun 1850. Amma a hannu da ƙafa akwai wasu ƙwayoyi da ke naɗe da kowane zare, ana kiran su ƙwayoyin Schwann. Su ba sa mutuwa. Sukan taimaka a kwashe tarkacen, sannan su jeru a layi cikin tsohon bututun da zaren ya bari, su shiga fitar da NGF da 'yan uwansa. Can sama kuma, guntun da ke haɗe da uwar ƙwaya ya sake yin baki mai yatsu irin na lokacin da yake cikin mahaifa, ya kama lalube. In ya sami bakin bututun, ya hau hanya.

Saurinsa fa? Kimanin milimita ɗaya a rana. Wato wajen santimita uku a wata, faɗin yatsu biyu. Ku yi lissafin da kanku. In daga inda aka ji ciwon zuwa tsokar da ke jira akwai santimita goma sha biyu, ana maganar wata huɗu. In kuwa mutum ya faɗi a kan kafaɗa kai ya wulla gefe, jijiyoyin da ke fitowa daga wuya suka tsinke, irin raunin da masu babur suka fi kowa samu, to daga nan zuwa tafin hannu tafiyar shekara biyu ce. Tsoka kuma ba ta jira har abada. In ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙo, ta rame ta zama jijiya-jijiya, ko zaren ya iso daga baya bai tarar da mai amsa masa ba. Su ma ƙwayoyin Schwann in suka daɗe ba baƙo sukan gaji su daina kira.

Shi ya sa likita ke son sanin wane irin rauni ne tun da wuri. Herbert Seddon, wanda ya duba sojojin Ingila masu raunin jijiya a yaƙin duniya na biyu, ya kasa shi uku a 1943. Wani an danne jijiyar ne kawai, zare bai yanke ba, cikin kwanaki ko makonni ta farfaɗo. Wani zaren ya yanke amma bututun na nan, wannan zai tsiro da kansa, sai haƙuri. Mafi yawan masu karayar damtse cikin waɗannan biyun suke, shi ya sa da yawa ke warkewa ba tiyata. Na uku, an datse jijiyar gaba ɗaya, kamar wanda gilashi ko adda ko kwanon rufi ya yanka, bakunan biyu suka ja baya. Wannan ko shekara goma aka jira ba za ta haɗu ba. Zaruruwan kan fito su rasa hanya su cukurkuɗe su zama wani ƙulli mai azabar zafi in an taɓa. Aikin likitan fiɗa a nan shi ne ya kawo bakunan biyu ya ɗinke rigarsu da zaren da ya fi gashi sirantaka, in tazara ta yi yawa ya yanko wata jijiya daga bayan ƙwauri ya yi gada da ita. Shi hanya kawai yake gyarawa, tafiyar zaren ne zai yi abarsa. Akwai ma dabarar rage nisa. A 1994 Christophe Oberlin a Faransa ya nuna cewa ana iya tsakuro wani sashe na lafiyayyar jijiya a damtse a jona shi kusa da tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu, tafiyar shekara ta koma ta 'yan watanni.

Ko an yi sa'a, ba kowane zare ke komawa gidansa ba, don alamun da suka yi masa jagora a mahaifa yawanci sun shuɗe. Wanda bakinsa ya taɓa karkacewa, irin wanda ake cewa aljani ya mare shi, in ya warke wani lokaci sai ya ga duk sanda ya yi murmushi idonsa na ƙanƙancewa. Wani kuma da ya sa loma a baki sai hawaye ya zubo daga ido ɗaya. Zaren da aka aika wajen yawu ne ya ɓata ya sauka wajen hawaye.

A nan zan faɗi ra'ayina, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. Ban zo rushe masu ɗori ba. Gado ne, akwai masu hannu a cikinsu, suna kusa da jama'a, kuma ba sa tsawwala kuɗi. Amma maɗori ƙashi yake ji a hannunsa, jijiya kuwa ba a jin ta ta bayan fata. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kafin a ɗaure, a ce wa mai karaya ya ɗaga wuyan hannu, ya ɗaga babban yatsa, ya ware yatsu ya haɗe su, a shafa kowane yatsa a tambaye shi ko yana ji. In ƙafa ce, ya ɗago tafin ƙafar sama. In ɗaya ya gagara, wannan ba na gida ba ne, a nufi Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa a makon, kada a ce sai an kwance ɗori. Bayan an ɗaure kuma, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, kada a ce wa yaro ya daure shi namiji ne. Ɗaurin ya yi tsanani, jini ba ya wucewa, kuma sa'o'i kaɗan sun isa su kashe jijiya da tsoka gaba ɗaya. Masu yawo da lasifika suna tallar man shafawa mai gyara jijiya kuwa, babu man da ke ɗinke abin da ya yanke.

Saura mutum na uku, mai raunin laka. Shekara da shekaru an ɗauka zaruruwan ƙwaƙwalwa da laka ba su da ikon sake tsirowa ne sam. A 1981 Albert Aguayo da Samuel David a Montreal ta ƙasar Kanada suka yanko jijiyar ƙafar ɓera suka dasa ta a lakarsa. Zaruruwan lakar suka shiga cikinta suka yi tafiya mai nisa, amma da suka fito ɗaya bakin suka sake taka laka, sai suka tsaya cak. Ashe wurin ne ba ya ba su hanya. Martin Schwab a Zurich ya gano cewa rigar da ke naɗe zaruruwan laka tana ɗauke da sinadarai masu cewa tsaya, aka sa wa mafi shaharar su suna Nogo. Ga kuma tabon da ke cike gurbin rauni, shi ma da nasa sinadaran hani. Daga baya aka ƙara gane cewa su ma ƙwayoyin lakar babban mutum ƙwazon tsirowarsu ya ragu. An gwada magungunan toshe Nogo a kan mutane a Turai, ana kuma gwada wasu dabaru, amma har yau babu asibitin da ke haɗa lakar da ta yanke, a nan ko a ƙasar waje. Duk wanda ya ce a sayar da fili a ba shi kuɗi zai tayar da wanda lakarsa ta yanke, a yi hattara da shi.

Saboda haka abin da ya rage na laka bayan haɗari ba shi da madadi, kuma sau da yawa a hannun masu taimako yake salwanta. Mun san yadda muke yi. Babur ya faɗi a hanyar Bolga ko ta Yendi, jama'a sun taru da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai na reto, a naɗe mutum a cusa a yalo-yalo. In ƙashin wuya ya tsage amma laka ba ta yanke ba, wannan ɗaukar tana iya ƙarasa ta. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, a bar shi kwance yadda yake in ba wuta ko mota ke barazana ba. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya juya. Kada a fizge hular kwano, in ma ya sa ta. A kira 112. In dole sai an ɗauka, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi a tare, kai da wuya da baya a layi ɗaya.

Wanda kuma ke zaman jiran jijiyar hannu ko ƙafa ta tsiro, akwai aiki a gabansa. Gaɓoɓin da ba sa motsi sukan sandare, don haka kullum a riƙa lanƙwasa su ana miƙewa da ɗaya hannun, yadda ma'aikatan gashin ƙashi suka nuna, a kuma sa abin tallafe wuyan hannu kada ya zauna a langaɓe. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, don yana rage wa jijiya sauri. Fatar da ba ta ji kuma ba ta kai ƙara: mace ta ɗauki tukunya daga kan gawayi ba ta san ta ƙone ba sai ta ga bororo, ɗan babur ya jingina ƙafa da salansa sai ƙauri ya ji. A riƙa duba wurin safe da yamma. A asibiti za ku ga likita na ƙwanƙwasa hannun da ɗan yatsa, yana bin layin jijiyar daga ƙasa zuwa sama. Inda mara lafiya ya ji wani zirr kamar lantarki ya ja shi har cikin yatsu, nan bakin zaren ya iso. Wani likitan Faransa, Jules Tinel, ya bayyana wannan gwaji a 1915 a kan sojojin yaƙin duniya na farko. Ana iya sa alama da biro a wurin, a rubuta kwanan wata. In an dawo bayan wata guda alamar ta matsa ƙasa da faɗin yatsu biyu, jijiya na tafe. In wata biyu, uku suka wuce tana nan inda take, lokacin magana da likitan fiɗa ya yi.